Alhaji ya ce a ba shi rabin kamfani a kan miliyan 5: yadda sabon kamfani ke samun jarinsa na farko daga asusun masu zuba jari

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta barinsu su saurari murya, da waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Yau daga gida nake magana, daga Manga, nan ƙasar Zuru. Waɗanda suka ji kukan zakara da ƙarar babur a cikin muryar, a yi haƙuri, a zaure na naɗi shirin. Biki ne ya kawo ni, amma abin da zan yi magana a kai ba a wajen bikin na samo shi ba. Shekaranjiya bayan sallar isha'i ɗan 'yar'uwata ya same ni, ya ce, "Kawu, ina da magana, amma kada Mama ta ji tukuna." Na ɗauka maganar aure ce. Ashe maganar kamfani ce.

Shi da abokansa biyu, shekara ɗaya da rabi ke nan suna wata harka. Suna haɗa masu tara hatsi a kasuwannin ƙauye, dawa da masara da wake, da manyan masu saye na Kontagora da sauran wurare. Da WhatsApp suka fara, yanzu sun gina 'yar manhaja da ke nuna farashi da yawan buhunan da ke ƙasa, suna cin kamasho a kan kowane buhu. To wani Alhaji, mutumin kirki ne, na san shi, ya ga abin ya burge shi, ya ce zai ba su naira miliyan 5 a ba shi rabin kamfanin. Su kuma burinsu nan gaba su je Abuja ko Legas su nemi jari wajen manyan masu zuba jarin nan da ake jin labarinsu. Tambayarsa ita ce: "Kawu, mu karɓa?"

Amsar da na ba shi ita ce shirinmu na yau, don na san ba shi kaɗai ba ne. Na nemi izininsa, ya yarda, in dai ba zan kama suna ba.

Mu fara da waye ma wannan mai zuba jarin da ake ta zance. Abin da ake kira jarin kasada, wato kuɗin da ake zubawa a kamfanin da bai tsaya da ƙafarsa ba, yawanci ba daga aljihun mutum ɗaya yake fitowa ba. Asusu ne. Wasu mutane kaɗan, su ne manajojin asusun, sai su zagaya su tara kuɗi daga bankunan raya ƙasa, kamfanonin inshora, asusun fansho na ƙasashen waje, da gidajen attajirai. Su yi musu alkawarin za su juya kuɗin, yawanci cikin shekara 10, su dawo da uwa da riba. Abin da aka saba, manajojin suna ɗaukar kusan kashi 2 cikin 100 na asusun duk shekara don albashi da ofis, sannan kashi 20 cikin 100 na ribar in an samu. Ka ga ke nan wanda ke zaune gabanka da kwat yana yi maka tambayoyi, shi ma yaron wani ne. Akwai iyayen gida da ke jiransa da lissafi, kuma agogo na bugawa.

Wannan shi ne abin da in ka gane shi, sauran duk za su zo da sauƙi. Ba bashi yake ba ka ba, ba kyauta ba ce, ba tallafin gwamnati ba ne. Sayen wani yanki na kamfaninka yake yi, da niyyar ya sayar da yankin nan gaba da tsada. Kuma ya san yawancin kamfanonin da ya zuba wa kuɗi mutuwa za su yi ko su tsaya cak. Don haka lissafinsa ya rataya ne a kan ɗaya ko biyu da za su yi girman da zai biya asarar saura.

Bari in ba da misali da lambobi na ƙirƙira, don a gane. A ce asusu na da dala miliyan 50, ya raba wa kamfani 30. A ce a ƙarshe yana riƙe da kashi 10 cikin 100 na kamfaninka. Kafin kasonsa a wajenka ya dawo masa da uwar kuɗin asusun kawai, ba riba, sai an sayar da kamfaninka a kan dala miliyan 500. To ka ji dalilin da ya sa za ka je da sana'a mai kyau, mai riba, wadda ke ciyar da gida goma, a saurare ka, a yaba, a ba ka shayi, a ce "za mu neme ka", shiru. Ba raini ba ne. Sana'arka ce ba irin wadda lissafinsu ke nema ba. Injin casar shinkafa a Zuru zai iya ba mai shi riba shekara 20, amma ba zai ninka kansa sau 100 ba. Irin wannan, banki ko abokin tarayya ko adashi ya fi dacewa da shi, kuma babu abin kunya a ciki. Ni a ganina, cikin matasa goma da ke zuwa mini da wannan magana, takwas ba wannan kuɗin suke buƙata ba.

To in naka irin wanda zai iya yin girman ne fa? Akwai matakala. Kuɗin farko naka ne da na 'yan'uwa da abokai. Daga nan sai ɗaiɗaikun masu hali da ke zuba nasu na ƙashin kansu, waɗanda Turawa ke yi wa laƙabi da mala'iku, ko da yake na ga wasu da sunan bai dace da su ba. Akwai kuma cibiyoyin renon kamfanoni, masu ba da ɗan jari da horo na 'yan watanni. Sai kuma zagayen farko na asusu, wanda ake kira jarin iri, ko na share fage in ya zo da wuri sosai. Bayansa sai zagayen A, B, C, haka.

Misalin da kowa ke kawowa a Najeriya shi ne Paystack. Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa shi a 2015. A farkon 2016 suka shiga Y Combinator, cibiyar renon kamfanoni ta Amurka, kuma su ne kamfanin Najeriya na farko da ya shiga. A lokacin dala 120,000 cibiyar ke bayarwa a kan kashi 7 cikin 100. A ƙarshen 2016 suka sanar da jarin iri na dala miliyan 1.3, cikin masu zubawa har da Tencent da Comcast Ventures. A 2018 suka yi zagayen A na dala miliyan 8 wanda Stripe ya jagoranta. A Oktoban 2020 Stripe ya saye su gaba ɗaya, a kan kuɗin da aka ruwaito ya haura dala miliyan 200. Wannan sayen shi ne mafitar da masu jarin farko ke jira. Ranar suka ga kuɗinsu.

Amma wancan Legas ne, kuma in na tsaya nan yaron nan zai ce, "Kawu, mu fa a Zuru muke." To mu dawo Arewa. A watan Maris na 2022 kamfanin Sudo Africa, na Aminu Bakori da Kabir Shittu, matasan da suka taso da harkar a Kaduna, ya sanar da samun dala miliyan 3.7 a zagayen share fage, Global Founders Capital ne ya jagoranta. Abin da suka gina shi ne hanyar da wani kamfani zai iya fitar wa kwastomominsa katin biyan kuɗi ba tare da ya yi watanni yana zarya a banki ba. Ku lura da abu biyu. Na ɗaya, ba da safe ɗaya suka tashi ba, sun yi shekaru suna gina manhajojin biyan kuɗi kafin wannan. Na biyu, abin da suke sayarwa bai da iyaka da gari, kamfanin Legas zai saya, na Kano zai saya. Wannan shi ne irin girman da asusu ke nema.

Wanda ya fi kusa da harkar yaranmu kuwa shi ne Tomato Jos, tunda noma ne. Mira Mehta, Ba'amurkiya ce da ta yi aikin lafiya a Najeriya, ta ga yadda tumatir ke zube a bakin titi a Arewa lokacin kaka alhali ƙasar na shigo da tumatirin gwangwani daga waje. Ta kafa kamfanin a 2014. Cikin kuɗin farko akwai dala 50,000 da ɗoriya da jama'a suka tara mata a dandalin Kickstarter. Ta fara noma a jihar Nasarawa, daga baya ta koma Kaduna. Zagayen A, Yuro miliyan 3.9, wanda Goodwell Investments ya jagoranta tare da Alitheia Capital, bai zo ba sai 2020. Shekara shida ke nan. Masana'antar sarrafa tumatirin ta biyo baya. Wannan fa mace ce da ta yi karatun kasuwanci a Harvard, tana da ƙofofin da mu ba mu da su, amma sai da ta yi shekara shida tana koyon yadda za a ƙara yawan abin da hekta ke bayarwa, tana tara shaidar damina bayan damina, rani bayan rani. Duk wanda ya ce maka wata uku ya isa, tambaye shi wa ya gani.

Yauwa, to yaya ake yin zagayen kansa?

Abu na farko, shaida. A matakin nan ba a sayen ra'ayi, sai dai in kai sananne ne da ka taɓa gina wani kamfani ya yi nasara. Ana so a ga mutane na biyan kuɗi, kuma adadin na hawa wata bayan wata. Na tambayi ɗana, buhu nawa kuka haɗa a watan jiya? Ya faɗa. Na watan da ya gabace shi fa? Ya ce sai ya duba WhatsApp. Cikin masu sayen da suka saya bara, nawa suka dawo bana? Shiru. Nawa kuke kashewa kafin ku samu sabon dillali ɗaya, kuma nawa yake kawo muku a shekara? Shiru. To waɗannan su ne tambayoyin minti goma na farko. Ba wai ba su da kasuwa ba ne, suna da ita, rubutu ne babu.

Na biyu, takardun gabatarwa, shafi 10 zuwa 15: mene ne matsalar, me kuka gina, wa ke biya, lambobinku, girman kasuwar, su wa kuke gogayya da su, ku su waye, nawa kuke nema kuma me za ku yi da shi. Ba zan daɗe a nan ba, misalansu sun cika intanet. Abin da kawai zan ce, adadin da za ka nema ya zama wanda zai riƙe ku wata 18 zuwa 24, ya kuma kai ku wani mataki da za ka iya faɗa da lamba. "Muna so mu faɗaɗa" ba amsa ba ce. "Za mu tashi daga kasuwa 4 zuwa 20, daga Bena da Ribah har mu shiga Neja da Zamfara," wannan amsa ce.

Na uku, wa zai kai ka. Yawancin asusun nan suna da adireshin imel da fom a shafinsu, kuma akan dace ta nan. Amma gaskiya abin da ya fi aiki shi ne wani da suka yarda da shi ya gabatar da kai, musamman mai kamfanin da suka riga suka zuba wa kuɗi. Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne, ko a kasuwar Dawanau ba a ba baƙo kaya bashi sai da wanda ya tsaya masa. A nan ne nisanmu ke cutar da mu, don yawancin asusun suna Legas, ko Nairobi, ko Landan. Amma ƙofofi sun ɗan ƙaru. Ventures Platform na Kola Aina a Abuja ya fara tun 2016, kuma a ƙarshen 2022 ya rufe asusu na dala miliyan 46. Akwai CoLab a Kaduna da Sanusi Ismaila ya buɗe a 2016, akwai Startup Kano. A 2023 Surayyah Ahmad da Sanusi Ismaila suka sanar da Aduna Capital, asusun da suka ce suna nufin ya kai dala miliyan 20, da niyyar ba Arewa kaso mafi tsoka. Ka yi jerin asusu 40 ko 50, ka binciki kowanne: a wane mataki yake zubawa, wane fanni, nawa yake bayarwa. Ka shirya jin "a'a" da yawa. Kuma ka yi ƙoƙari ganawar ta zo a jere cikin makonni kaɗan, don in suka ga wasu ma na dubawa sun fi hanzari. Mai tumatir ma ya san bambancin mai saye ɗaya da masu saye uku a kan kwando.

Abin da kake nema a cikinsu shi ne madugu. A kowane zagaye akwai asusu ɗaya da ke jan ayari: shi ke yanke farashi, shi ke rubuta sharuɗɗa, shi ke zuba kaso mafi girma. Saura bin sa suke yi. Za ka ji da yawa sun ce, "in ka samu jagora ka dawo, muna ciki." Wannan ba alkawari ba ne, kada ka je gida ka ce an samu.

In madugu ya gamsu, sai ya ba ka takardar sharuɗɗa, shafi kaɗan. Nan nake so mu zauna sosai, don nan ake cin mutane, ko in ce nan mutane ke cin kansu saboda murna.

Farko ƙima. A ce zai zuba dala 500,000 a kan kashi 20 cikin 100. Ma'ana kamfanin bayan shigar kuɗin ya kai dala miliyan 2.5, kafin shigarsu kuma miliyan 2. Kullum ka tambaya, ƙimar da ake faɗa ta kafin kuɗi ce ko ta bayan kuɗi, don bambancin kaso ne daga jikinka. A zagayen iri abin da aka saba sayarwa yana tsakanin kashi 10 zuwa 25 cikin 100. Sannan za su ce a ware wani kaso, sau da yawa wajen kashi 10, don ma'aikatan da za a ɗauka nan gaba, kuma yawanci daga ɓangarenku ake yankarsa, ba nasu ba.

Yanzu ku dawo kan tayin Alhaji. Miliyan 5 a kan rabi, ya yi wa kamfanin kuɗi naira miliyan 10 ke nan. Amma ba arhar ce ta fi damuna ba. Na ɗauki biro na yi wa yaron lissafi a bayan katin biki. Yau ku uku kuna da 50, Alhaji na da 50. Asusu ya zo ya ɗauki 20, an ware 10 na ma'aikata, saura 70 ku raba biyu: ku 35, Alhaji 35. Zagayen A ya zo ya ɗauki wani 20, kun koma 28. Ku uku. Kowa bai kai kashi 10 ba, kuma tafiya ba ta yi nisa ba. Manajan asusu zai yi wannan lissafin kafin kai, kuma abin da zai gani shi ne: mutanen da za su yi shekara takwas suna kwana a kan buhu ba su da abin da zai riƙe su, wanda ba ya zuwa aiki kuma shi ne mafi girman kaso. Da yawa a nan suke tsayawa, ba za su ma gaya maka dalili ba. Kamar fura ce, kowane zagaye ruwa ake ƙara mata. In ka fara da tsararriya, me za ka sha a ƙarshe?

Sai sharaɗin da ni nake kira golmo. Mu nan ƙasar Zuru mun san golmo, yadda a al'adar Dakarkari saurayi ke yin shekaru, har bakwai ake faɗa, yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata. To asusu ma zai sa ku golmo a kan hannun jarinku. Abin da aka saba shekara huɗu ne: wanda ya bar kamfani kafin shekara ɗaya ba ya tafiya da komai, bayan shekara ɗaya ya mallaki rubu'in kasonsa, saura kuma yana shigowa wata-wata. Matasa kan ji haushin wannan, su ce kamfaninmu ne. Ni kuwa ina ganin ko babu mai zuba jari ku rubuta wa kanku shi. Ku uku ne yau. Gobe ɗaya ya samu aikin kwastan ya tafi da sulusin kamfani a aljihu, ku biyu ku yi ta yi masa noma har abada?

Akwai kuma fifiko wajen rabon kuɗi in an sayar da kamfani. A ce ya zuba dala miliyan 1 a kan kashi 20, abu bai yi kyau ba, aka sayar da kamfanin miliyan 2. Da kaso za a bi, dala 400,000 zai samu. Amma da wannan sharaɗin, sai ya fara cire miliyan ɗayansa, ku raba saura. Wannan shi ne na yau da kullum: ninki ɗaya, kuma ya zaɓi ko uwar kuɗinsa ko kasonsa. Wanda za ka guda shi ne mai cewa ninki biyu, ko mai cewa zai cire uwar kuɗi sannan ya dawo ya ci kaso a cikin saura. Sauran sharuɗɗan, kujera a kwamitin daraktoci, 'yancin ƙara kuɗi a zagaye na gaba don kasonsa kada ya ragu, da jerin abubuwan da ba za ku yi ba sai da yardarsa, kamar sayar da kamfani ko cin babban bashi, duk ka karanta su da lauyan da ya taɓa yin irin wannan aikin. Ba lauyan rikicin fili ba, Allah ya ba su haƙuri.

A ƙananan zagaye sau da yawa ba a ma yanke ƙima. Ana amfani da wata gajeriyar yarjejeniya mai suna SAFE, wadda Y Combinator ta fito da ita a 2013: ka karɓi kuɗi yau, su rikiɗe su zama hannun jari a zagaye na gaba, bisa wani rufin ƙima da kuka amince ko wani rangwame. Ba ta da kuɗin ruwa, ba ta da ranar biya. 'Yar'uwarta, takardar bashi mai rikiɗa, ita tana ɗauke da ruwa. Na san wannan zai dami da yawa cikinmu, kuma ya kamata ya dama. Asalin sayen hannun jari, a ci riba tare a yi asara tare, ya yi kusa da musharaka da malamanmu ke karantarwa. Amma ruwan da ke kan takardar bashi, da sharaɗin nan na wani ya fara cire uwar kuɗinsa, wurare ne da za ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki tun kafin ka sa hannu. Ni ba malami ba ne. Hatsarin SAFE kuma shi ne sauƙinta: ka sa hannu a biyar, kowacce da rufinta, ranar da suka rikiɗe ka tarar ka sayar da fiye da yadda kake zato.

Takardar sharuɗɗa fa ba kuɗi ba ce. Yawancin abin da ke cikinta bai ɗaure kowa ba, ban da sirri da alkawarin ba za ka nemi wani ba na wasu makonni. Bayanta sai binciken ƙwaƙwaf, kuma a nan na taɓa ƙonewa. Shekarun baya na yi wa wani ƙaramin kamfani aikin lissafi, mun samu takardar sharuɗɗa daga wani asusu, har mun yi walima. Da aka zo bincike sai aka tarar rabin cinikin ta asusun bankin maigidan na kansa ya bi, a cakuɗe da kuɗin makarantar yara da na cefane. Manhajar kuma wani yaro ne ya rubuta, ba takardar da ta ce ya mallaka wa kamfani. Ga wani kawu da aka yi wa alkawarin kashi 10 da baki. Ba wanda ya yi sata, wallahi. Amma mako shida muna haɗa rasit, kafin mu gama asusun ya janye, kuma laifin har da nawa, don na ga cakuɗar tun farko na yi shiru saboda kunya. Ma'aikata bakwai aka sallama a ƙarshen shekarar.

Don haka tun yau: rajistar kamfani mai iyakantaccen alhaki a CAC, ba rajistar sunan kasuwanci kawai ba, don sunan kasuwanci ba shi da hannun jarin da za a sayar. Asusun banki na kamfani, kowace naira ta bi ta ciki. Lambar haraji. Takardar da ta nuna wa ke da kashi nawa. Yarjejeniya da duk wanda ya rubuta muku manhaja. In kuɗin daga waje za su shigo, banki ya fitar muku da takardar shaidar shigo da jari, CCI, don da ita mai jari zai iya fitar da kuɗinsa daga baya. Asusun waje da yawa za su ce a kafa uwar kamfani a jihar Delaware ta Amurka, na Najeriya ya koma ɗanta. Ana yi, amma yana da kuɗin lauya da harajin shekara-shekara, kada ka yi shi sai an buƙata. Akwai kuma dokar kamfanoni masu tasowa da shugaba Buhari ya sa wa hannu a Oktoban 2022, wadda NITDA ke riƙe da sakatariyarta. Tana ba da shaidar rajista ga kamfanin da bai wuce shekara 10 ba, kuma ta tanadi wasu rangwamen haraji. Ku nema, amma kada ku zauna jiranta.

Tambayoyi biyu kuma za a yi wa duk wanda ya fito daga nan, gara ka zo da amsa. Ta farko tsaro. Kowa ya san abin da Danko-Wasagu da Sakaba suka gani a shekarun nan, kuma mai jari yana karanta labarai. Kada ka ɓoye. Ka nuna masa watannin da hanya ta rufe, me ya faru da cinikinku, ta ina kuka bi, nawa kuka yi asara. Wanda ya ci gaba da kai hatsi a irin wannan yanayin yana da abin da ɗan Legas ba zai iya kwaikwaya da kwamfuta ba. Ta biyu naira. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta kai wajen 1,500. Wanda ya zuba dala, ko cinikinka ya ninka uku a naira, shi a wajensa kana nan inda kake. Shi ya sa suke neman girma mai sauri haka, kuma shi ya sa kuɗin suka yi wuya bayan rububin 2021 da 2022.

Wani abu na ƙarshe game da harkar hatsi musamman. In abin da kuke buƙata kuɗin sayen buhu ne a kaka a sayar da bazara, kada ku sayar da kamfani don shi. Wannan kuɗin juyawa ne, yana fita yana dawowa. ThriveAgric, da ke aiki da manoma a Arewa, sun shiga Y Combinator a 2019, amma dala miliyan 56.4 da suka sanar a 2022 yawancinta bashi ne daga bankuna da cibiyoyi, ba sayar da hannun jari ba. Kaso ana sayar da shi ne don gina abin da zai daɗe: manhaja, ma'aikata, shiga sababbin kasuwanni.

To da na tambayi ɗana me za su yi da miliyan biyar ɗin, sai ya ce miliyan huɗu hatsi za su saya. Kun ga ke nan. Shawarar da muka tsayar ita ce su koma wa Alhaji da girmamawa, da tayi biyu. Miliyan huɗun ya ba su a matsayin jarin ciniki na kaka ɗaya, a raba ribar hatsin yadda suka amince, a rubuce, da shaidu, kamar yadda iyayenmu ke ba da kiwo a raba. Miliyan ɗayan kuma, in yana son shiga kamfanin kansa, a ba shi ƙaramin kaso, ni na ce kada ya wuce kashi 10. Zai iya ƙi, kuɗinsa ne, kuma yaran na tsoron kada ya ji an raina shi, ga shi abokin mahaifin ɗayansu ne. Na ce zan raka su. Gobe bayan la'asar za mu je, kafin in kama hanyar Kontagora.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan gaya muku yadda aka kwashe, sannan mu ɗauki takardar SAFE mu bi ta layi-layi da Hausa. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasa, amma don Allah kada a turo mini lambar asusu, ni ba na rabon jari. Sai mun haɗu, a gaida gida.